Takardar Ayuba ta Arba'in da Ɗaya

Shekara shida ke nan cif da muka binne ƙanena Ayuba a wata maƙabarta da ke gefen Landover, a nan jihar Maryland, nesa da duwatsun Jos inda aka binne cibiyarmu ni da shi. Duk shekara idan watan nan ya kama, matan zumunta na majami'armu sukan zo gidana, a yi addu'a, a yi waƙa biyu ko uku, a ci shinkafa, a watse. Kafin su tafi sai wata ta riƙe hannuna ta ce, "Mama Rifkatu, ai yanzu zuciya ta yi sanyi ko?" Ni kuma in ce da godiya. To ƙarya nake yi musu. Ba ta yi sanyi ba ko kaɗan, kuma bana na gaji da ƙaryar, shi ya sa na roƙi edita ya ara mini wannan fili.

Zan faɗi abin da ke ci mini rai tun daga farko, don kada mai karatu ya zaci ta'aziyya ce irin wadda aka saba. Akwai wani mutum a Annandale, ɗan garinmu, dattijo a majami'a, wanda yake yawo da aikin ƙanena a matsayin nasa. An buga hotonsa a mujalla yana tsaye a gaban jirgin saman da Ayuba ya zana, hannu a ƙugu. Sunan Ayuba ba ya ko'ina. Zan kira mutumin Mai Masauki, don shi ya sauki Ayuba a gidansa lokacin da ya iso ƙasar nan. Ya san kansa, kuma na san ana aiko masa da jaridar nan kowane mako.

Ni ce babba, shekara bakwai na ba Ayuba, ni na goya shi. Babanmu ya je yaƙin Bama yana saurayi, bai dawo da komai ba sai tari da labarin jirage. Idan ya fara kwatanta yadda suke saukowa ƙasa-ƙasa bisa kan itatuwa, mu mukan sulale, amma Ayuba yakan zauna da baki buɗe yana zana abin a ƙasa da tsinke. Daga tsinke ya koma gawayi, ya ɓata wa Mama bangon madafa, ya sha duka, bai daina ba. Da ya gama makarantar fasaha sai ya sami aiki a wani ofishin zane a Kaduna. A can ya koyi hannun nan nasa mai tsabta, a can kuma ya koyi ɗabi'ar da ta cuce shi.

Ga ɗabi'ar. Kowace takardar zane tana da ɗan gurbi a kusurwar ƙasa ta hannun dama, inda ake rubuta wanda ya zana da wanda ya duba. A ofishin nan ƙaramin ma'aikaci ba ya rubuta sunansa a gurbin kafin babba ya duba aikin. Ka gama zanenka, ka bar gurbin fili, ka miƙa da hannu biyu. Idan babban ya gamsu, shi da kansa zai rubuta sunanka, sannan ya sa nasa a ƙasa. Wanda ya riga ya rubuta nasa, marar kunya ake ce masa, mai yabon kai. Wannan ya zo daidai da tarbiyyar gidanmu, inda yaro ba ya cewa "ni na yi" a gaban manya. Ayuba ya riƙe abin nan tamkar a Littafi Mai Tsarki ya karanta shi, har Amirka ya taho da shi.

Ni na riga shi zuwa, ina aikin nas a wani asibiti, amma a lokacin ɗaki ɗaya muke rabawa da wata 'yar Kagoro, ba wurin ajiye namiji. Mai Masauki ya ce a kawo masa shi. Ba zan ɓoye alherinsa ba: ya ba shi ɗaki, ya ba shi rigar sanyi, wata goma sha huɗu bai ce masa ya tashi ba. Injiniya ne babba a wani kamfani, da mota biyu da gida mai ciyawa a gaba. Ayuba yana ce masa Baba, idan zai gaishe shi kuwa sai ya rusuna har gwiwa ta kusa taɓa ƙasa, ko da a bakin kanti suka haɗu Turawa suna kallo.

Daga baya Ayuba ya yi aure, ya kama haya a bene na uku a Landover, ya sami aiki da wani kamfanin kwangila da ke yi wa ofisoshin gwamnati na kudu maso yammacin Washington aiki. Bututun ruwa da na iskar sanyaya ɗaki yake zana musu, safe zuwa yamma. Aikin ba ya burge shi, sai dai tafiyar minti goma ce daga teburinsa zuwa gidan tarihin jiragen sama. Idan abokan aiki suka fita cin abincin rana, shi sai ya cusa burodi a aljihu ya tafi can, ya tsaya ƙarƙashin tsofaffin jiragen yaƙin duniya na biyu, irin masu farfela a hanci, ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya yana awo. Masu gadi har sun san shi.

A nan ya ji labarin tseren. Ashe akwai wasu attajirai da ke sayen irin jiragen nan da yaƙi ya bari, su kai su wata hamada can jihar Nevada duk lokacin kaka, su kafa dogayen ginshiƙai, su riƙa zagaye su ƙasa-ƙasa, wanda ya riga gama zagaye takwas shi ne gwani. Jirgin yaƙi kuwa an yi shi ne don ya ɗauki bindigogi da sulke ya yi tafiya mai nisa, ba don tsere ba, saboda haka sai an yi masa aski. Askin nan shi ya shiga ran Ayuba ya zauna.

Ranar Lahadi bayan sujada sai ya tare ni a ɗakin cin abincinsu, wanda ya riga ya ƙwace daga hannun matarsa Hannatu ya mai da shi ofis. "Yaya, zo ki gani." Ya datse wa jirgin bakin fukafukai. Ya cire gilashin nan mai tudu da ke rufe matuƙi, ya sa ƙarami wanda da kyar kai zai shiga. Ya kwashe bindigogi da sulke da duk wani ƙarfen da ba ya tsinana komai sai nauyi. A wani zanen ma ya ɗauko injin wani jirgin da ya fi girma ya liƙa a hancin ƙarami, da farfela biyu, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu. Na ce, "Kai Ayuba, ai ka mai da shi figaggiyar kaza." Ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Yaya, figaggiyar ce mai gudu."

Amma abin da ya fi ji da shi shi ne cikin jirgin. Irin wanda ya zaɓa yana da wani ƙaton baki a ƙarƙashin ciki, wanda ke shaƙar iska ya kai wa lagireto don injin ya huce. Ayuba ya ce bakin nan ne ke riƙe jirgin, kamar mutum yana gudu da buɗaɗɗiyar laima. Sai ya share shi gaba ɗaya, cikin ya koma sumul. Na ce to injin fa, ba zai ƙone ba? Ya ce a'a, zai nutsar da lagireton ne a cikin tankin ruwa a bayan kujerar matuƙi. Zafin injin ya riƙa tafasa ruwan, tururi ya riƙa fita ta wani bututu a wutsiya yana tafiya da zafin. Tseren bai wuce minti goma ba, in ji shi, ruwan dai ya kai ƙarshe. Ni nas ce, ban san lissafin ba, amma na san tukunya, na kuma gane. Shekara uku ya yi a kan wannan aiki. Takarda arba'in, manya-manya, kowace da gurbinta fili.

Yanzu ga nawa laifin, don ba zan tuhumi wani in wanke kaina ba. Da ya gama, ya ce yana so ya aika wa wani Bature mai irin jirgin nan, wanda ya ga adireshinsa a mujalla. Ni, Rifkatu, da bakina na ce masa, "Haba Ayuba, za ka tsallake Baba? Mutumin da ya sauke ka? Kai masa ya gani ya sa albarka, ai shi ya san manya." Hannatu ta ce ko a yi kwafi a ajiye tukuna. Na harare ta na ce, "Ke, Baban ne za a yi wa kwafi sai ka ce ɓarawo?" Ta bar maganar, don ni ce a madadin uwar mijinta a ƙasar nan. Ranar Asabar ya naɗe takardun nan arba'in, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya tuƙa zuwa Annandale ya miƙa da hannu biyu. Har yau idan na tuna muryata ta ranar sai in ji na tsani kaina.

Wata biyar shiru. Idan Ayuba ya tambaya, sai a ce ana dubawa. Rannan mujallar da yake karɓa duk wata ta iso, ya buɗe, sai ga labari: wani mai jirgi ya ɗauki wani haziƙin injiniya ɗan Afirka, za su gina jirgin tsere marar baki a ƙarƙashin ciki. Ga hoton takarda ta tara an buga rabin shafi. Hannun Ayuba ne, har 'yar lanƙwasar da yake yi wa lamba bakwai. A gurbin kuwa, inda ake rubuta wanda ya zana, sunan Mai Masauki ne da manyan baƙaƙe.

Na ɗauki hutun yini na bi shi Annandale, don na san idan shi kaɗai ya je ba abin da zai iya faɗa. Ashe ko da ni ɗin ma haka ne. Aka shanya mu a falo kusan sa'a guda. Da mutumin ya fito, ko ɗigon kunya babu a idonsa. Ya ce, "Ayuba, kai yaro ne. Wa ya san ka a ƙasar nan? Da da sunanka aka kai, kwandon shara za su jefa. Da sunana aka buɗe ƙofa. Kuma ai kai ka bar wurin fili, na zaci nufinka ke nan. Idan abin ya yi kyau, namu ne duka, na 'yan gida." Na buɗe baki zan yi magana, Ayuba ya taka mini ƙafa. Sannan ya sauka daga kujera, ya rusuna, ya ce, "Na gode, Baba." Na gode! Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. A mota, har muka haye kogi gumi yake yi, alhali na'urar sanyaya mota tana aiki.

Bayan mako biyu ko uku, yana gidana ina dafa wake, na ce masa abu ɗaya da nake yaba wa ƙasar nan shi ne wake yana nuna da wuri, ba kamar a Jos ba inda Mama takan ɗora tun safe, ruwa ya yi ta tafasa a banza waken yana nan kamar tsakuwa. Ya ajiye cokali ya ce, "Yaya, sake faɗa." Na sake. Ya tashi ya ɗauki makullin mota ko sallama babu. Daga baya ya yi mini bayani. Jos tudu ce, a kan tudu ruwa yana saurin tafasa, tururinsa kuma ya fi kumbura. Filin tseren nan na hamada shi ma tudu ne, ya ma fi Jos bisa. Shi kuwa duk lissafinsa da iskar Washington ya yi, wadda ke kusa da bakin teku. Bututun da ya zana ya yi kaɗan. A can tururi zai cushe, ya riƙa tunkuɗo ruwan waje tare da shi, tankin ya ƙafe kafin a gama zagaye, injin ya ƙone da mutum a sama.

Ya buga wa Mai Masauki waya sau uku. Mutumin ya zaci dabara ce ta neman a sa sunansa, ya ce masa aikin ya wuce hannunsa, ya daina damun mutane. To ina zai gane? Bai san abin da ke cikin takardun ba, sa suna kawai ya iya. Ayuba ya zauna ya zana takarda ta arba'in da ɗaya, da sabon bututu mai faɗi da wani ɗan tanki da zai raba ruwa da tururi ya mai da ruwan ciki. Kwana biyu da gamawa ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa kan hanyar ofis. Hawan jini ne, ya fasa masa jijiya a ka. Ni da nake auna jinin baƙi kullum, ban taɓa ɗaura wa ƙanena abin awo a hannu ba. Ya kwana tara a asibiti. A rana ta huɗu bakinsa ya ɗan saki, ya ce mini da rabin harshe, "Yaya, takardar tana bayan kabad. Ki kai wa Baba. Akwai mutum a cikin jirgin nan." Shekararsa talatin da huɗu, 'yarsa Saratu tana da bakwai.

Ban kai ba. Da na yi niyya, Allah ya sani. Amma ranar jana'iza aka ba Mai Masauki dama ya yi magana a matsayin uba, ya fito gaban majami'a da farin hankici ya ce marigayi yaro ne mai ladabi, mai son koyo, "har na fara koya masa zanen jirgi kafin Ubangiji ya kira shi." Mutane suna gyaɗa kai suna cewa Allah sarki. A nan, ina zaune kusa da akwatin gawa, na fasa niyyata. Na je na ciro takardar daga bayan kabad na tura ta ƙarƙashin katifata. Na ce Allah ya isa, na kuma ce sai na ga ranar da zai neme ta.

Nakan tambayi kaina me Ayuba zai ce da ya ga yau. Wani abokin aikinsa ya gaya mini an fara kwashe teburan zane a ofishinsu ana kawo kwamfuta, wai kafin ka ja layi ɗaya sai ta tambaye ka sunanka. Na san da ya yi ta sosa ƙeya a gabanta yana jin nauyi. Saratu kuwa ta kai sha uku, in ka yi mata Hausa ta ji sarai amma ta ba ka amsa da Turanci, kuma ba abin da ba ta rubuta wa suna ba, har kwanon abincinta na makaranta. Da farko na ce rashin kunyar ƙasar nan ce ta kama ta. Yanzu ni ke saya mata alƙalamin. Bara malamarsu ta ce kowa ya rubuta abin da ubansa ya yi a duniya. Na nuna mata mujallar na ce jirgin nan babanki ne ya zana. Ta karanta ƙasan hoton, ta ɗago ta ce da karyayyiyar Hausarta, "Gwaggo, to don me sunan wani ne?" A ƙarshe ta rubuta cewa babanta yana zana bututu.

Ni na ci gaba da karɓar mujallar tasa duk shekarun nan, ta nan nake bin jirgin. Shekara biyar suka yi suna gina shi, Mai Masauki yana ta shan hoto, ana gayyatarsa taron yaranmu yana ba su shawara su yi koyi da shi. Bara aka kai jirgin hamada. A kwanakin gwaji zagaye biyu uku yake yi, ba wanda ya kamo ƙafarsa. Ranar babban tsere ya wuce kowa tun daga zagayen farko, a na shida sai aka ga farin hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Matuƙin ya ja shi sama, ya sauko da injin a mace, da kyar ya tsaya a ƙarshen fili. Da aka duba, tankin ya ƙafe ƙaf.

Ba zan yi wa kowa ƙaryar tsarki ba. Da na karanta, guɗa na yi a ɗaki ni kaɗai, na ce yauwa, ga ranar. Sai na juya shafi na ga hoton matuƙin, wani mai furfura a gefen kai, zaune a kan fiffike, 'yarsa ta ƙanƙame masa wuya, ba ta fi Saratu ba. Nan take na daina guɗar. Mutumin nan bai san Ayuba ba, bai saci komai ba, ni kuma shekara biyar ina kwana a kan takardar da za ta tsare ransa, ina jiran in ga wani ya ji kunya. Da ya mutu a ranar, da da hannuna a ciki. Wannan nawa ne, zan amsa shi a gaban Allah. Amma wanda aka buga wa waya sau uku ya ajiye, shi ma ya shirya tasa amsar.

Tun daga nan, na ji, mai jirgin ya sa Mai Masauki a gaba. Kai ka zana, to gyara. Ya ƙara girman tanki, jirgi ya yi nauyi, ruwa ya ci gaba da zubewa. Ya ce laifin makanikai ne, aka sallami biyu. Watan jiya suka sake gwadawa a can, abin yana nan yadda yake. Tsere kuma saura mako biyar, mujalla ta ce za su shiga ko ta halin ƙaƙa. An ce mutumin ya rame, wuyan rigarsa yana yawo. Ban ji tausayinsa ba ko ɗis.

Ana nan, Lahadin da ta wuce, dattawan majami'a biyu sun yi sallama a ƙofata da turmin atamfa da katan ɗin lemo. Wai Baba ne ya aiko su. Wai shekaru sun ja, idan akwai wani saɓani tsakaninsa da gidan marigayi a yafe wa juna, mu duka masu zunubi ne. Na ce madalla, wane saɓani? Suka kalli juna. Babban cikinsu ya gyara murya ya ce, "To, bai dai faɗa ba. Sai dai ya ce in akwai sauran wasu takardu da yaron ya bari, ko da shara ce, yana so ya adana don tunawa." Dariya ta ƙwace mini har na zauna a hannun kujera. Na ce, "Dattawa, ku gafarce ni, ba ku nake wa ba. Ku koma ku ce masa sharar tana nan, ba ta ɓata ba. Atamfar kuma ku tafi da ita, ba ni da bikin zuwa." Ɗayan ya fara karanto mini ayar gafara. Na ce na san ta tun ina makarantar Lahadi, amma ban san yadda ake yafe wa mutum laifin da ya ce bai yi ba, yana kuma kan yinsa.

Na san abin da Ayuba zai ce. Zai ce, "Yaya, bar shi, ba shi takardar kawai." Na san haka domin bayan tafiyar dattawan na ciro ta daga ƙarƙashin katifa, na baza ta a tebur karo na farko cikin shekara shida, idona ya sauka a kusurwar ƙasa ta dama. Fili. Bayan duk abin da aka yi masa, bayan ya ga sunan wani a kan guminsa, ƙanena ya sake barin gurbin nan fili don babba ya duba. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, rabi na tausayi rabi na haushinsa. To yanzu ni ce babban, kuma na duba. Na rubuta sunansa cikakke da na babanmu, na sa nawa a ƙasa. Washegari ni da Hannatu muka je aka yi kwafi, har da littattafansa na lissafi guda shida da ta ɓoye a akwatin aurenta ba ta gaya mini ba, kowane shafi da kwanan wata. A gaban injin kwafin na durƙusa na roƙi gafararta, mutane suna kallo. Ta fi ni hankali tun farko.

Me ya rage na Ayuba? Hannatu tana da fensiransa a gwangwanin madara. Saratu tana da idonsa da taurin kansa a kan lissafi. Can a hamada akwai jirgi mai sumul ɗin ciki wanda ya yi zagaye biyar ba wanda ya kamo shi, duk wanda ya gani ya san mai kai ne ya yi shi. Ladabinsa ma ya rage, har yau ana yabonsa a majami'a ana cewa yara su yi koyi. Ni kam ban yarda a koya wa Saratu irinsa ba. A koya mata gaisuwa, a koya mata rusunawa, ban ƙi ba. Amma ladabin da zai sa ka gode wa wanda ya yanka ka, mu muka ɗora masa, ni da Mama da ofishin Kaduna, wani kuma ya zo ya ci gajiyarsa. Abin da na fi so ya rage shi ne halin nan nasa na tuna ran wani yana kan gadon mutuwa. Shi da aka cuta ne ya tuna da matuƙin, mu masu lafiya duk muka manta.

Saboda haka, Mai Masauki, ga saƙona. Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu za a yi addu'ar cika shekara shida a zauren majami'a. Duk 'yan gida za su zo, Saratu za ta zauna a layin gaba, takardar kuma tana cikin jakata. Idan ka miƙe tsaye a gabansu ka faɗi da bakinka wanda ya zana guda arba'in ɗin nan, zan ba ka ta arba'in da ɗaya, ka kai wa mai jirgin da kanka ka gaya masa gaskiya. Daga nan sai mu zauna maganar gafara, kuma ban yi maka alkawarin za ta zo da wuri ba.

Idan kuwa ba ka zo ba, ko ka zo ka yi mana wa'azi, kada ka damu da matuƙin, ba zan sake wasa da ransa ba. Ambulan biyu suna kan teburina da kwafin a ciki, ɗaya na mai jirgin, ɗaya na editan mujallar, na riga na manna musu kan sarki. Litinin da safe ina hutu, gidan waya kuma ba nisa da gidana. Ko ta bakinka ko ta nawa, kafin jirgin nan ya sake barin ƙasa za su san wanda ya zana shi. Na fi so ya zama ta bakinka, ba don ina tausayinka ba. So nake in ga fuskarka lokacin da kake faɗa.